Maɓallin Auta

A ma'aikatar da ake haɗa manyan bututai, kowa ya san Sarkin Walda, kuma kowa ya san ba a musu da shi. Mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙarancin haƙuri. Hannuwansa duk tabon tartsatsi ne, fatar tafinsa ta yi kaurin da yake ɗaukar kofin shayi yana tururi bai san ya ɗauka ba. Mutum ɗaya tak ke da ikon duba aikinsa ta ce bai yi ba, a kankare a sake. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa, wannan mutum ɗayar ƙanwarsa ce, autar gidansu, wadda shi ya yi ta saɓa ta a wuya bayan rasuwar mahaifinsu.

Aikin Auta ɗaukar hoton walda ne. Kamar dai yadda ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, sai dai nata marar lafiyar ƙarfe ne. Takan naɗa fim a jikin bututu daidai inda aka haɗa, sannan ta haska shi da wata 'yar ƙwaya wadda ba ta kai ƙwayar wake ba. Hasken ƙwayar ido ba ya ganinsa, fata ba ta jin zafinsa, amma yana ratsa ƙarfe ya nuna duk wani rami ko tsaga da ya ɓuya a ciki. Abin da ya ratsa ƙarfe kuwa ba sai an gaya maka abin da zai yi wa nama ba. Wanda ya riƙe ƙwayar nan a hannu zai koma gida lafiya lau, ya ci abincinsa, ya yi barcinsa. Sai bayan kwanaki yatsun su fara kumbura, su yi baƙi, daga nan sai wuƙar likita.

Shi ya sa ƙwayar take zaune a cikin wata tukunyar ƙarfe mai nauyin tsiya. In za a yi aiki, sai a ɗaura wa tukunyar tiyo zuwa bakin waldar, a kewaye wurin da igiya, kowa ya fita. Auta takan tsaya can nesa a bayan katangar siminti, ta juya wani hannu mai tura doguwar waya, wayar ta tura ƙwayar ta bi tiyo ta je ta yi aikinta. In lokaci ya cika, sai ta juya hannun baya, ƙwaya ta koma gida. Amma babu mai ganin komawarta. Shaida ɗaya ce, mita: wani ɗan akwati mai allura a fuska, wanda ke yin ƙas-ƙas in ya ji hasken. In allura ta kwanta, an ce wuri ya yi lafiya.

To, a nan ne Auta ta samo laƙabinta. A cikin akwatin kayan aikinta akwai wani ɗan gwangwani mai kwaɗo, a cikinsa akwai wani abu kamar maɓallin riga. Shi ma yana fitar da irin hasken nan, amma ɗan kaɗan, wanda aka san iyakarsa. Kafin ta yarda da kowace mita sai ta ɗora ta a kan maɓallin. In allura ta tashi ta tsaya a kan ɗan jan layin da aka zana mata, mita tana da rai. In ba ta kai ba, ko ta zarce, ko Sarkin Duniya ne ya saya, Auta ba za ta shiga igiya da ita ba. Ma'aikata suka sa mata Uwar Maɓalli. In ta buɗe gwangwanin sai ka ji wani daga kan tsani yana cewa, "A yi shiru, Uwar Maɓalli za ta duba mana ƙasa!" Ita dai takan yi kunnen uwar shegu da su. Mutanen da ba su taɓa ganin hoton ruɓaɓɓen yatsa ba, ai dole bakinsu ya yi zaƙi.

Ranar da abin ya faru, tun safe Sarkin Walda ba ya cikin hayyacinsa. An kai 'yarsa asibiti tana naƙuda, haihuwar fari, jikansa na farko. Mutumin da ke korar yaransa in ya ga waya a hannunsu, yau shi ne ke cire safar hannu kowane ɗan lokaci yana leƙa tasa. Kuma ba shi da halin tafiya. Akwai wani ƙaton bututu da ya gama haɗawa, babbar mota na bakin ƙofa tana jiransa, Manaja ya rantse ba mai fita sai an ɗora. Ba a ɗorawa sai an ɗauki hoto, ba a ɗaukar hoto sai lokacin hutun rana in farfajiya ta yi fili.

Da aka buga ƙararrawar hutu, Auta da abokin aikinta Dogo suka ja igiya. Dogo mutumin kirki ne, sun daɗe tare, aibinsa ɗaya son a gama. Ta tsuguna ta buɗe gwangwani. Sarkin Walda yana tsaye a kanta, ya riƙe ƙugu.

"Auta, don girman Allah, yau ɗaya dai ki bar bokancin nan. Jiya ma ba kin gwada ba?"

"Jiya daban, yau daban, Yaya."

"Cikin dare aljanu suka shiga suka canja ta?"

"Kai da kake walda tun ban san hanyar makaranta ba, ka taɓa ɗora wuta a kan bututun mutane ba ka fara ƙyasta ta a guntun ƙarfe ba?"

Ya kawar da kai ya ja tsaki. Dogo ya juya baya yana dariya a cikin hularsa. Ta ɗora mitar a kan maɓalli, ƙas-ƙas ya ɓarke, allura ta miƙe ta tsaya cak a jan layi. Ta gwada ta biyun ma, wadda suke bari a mota saboda ko-ta-kwana, ita ma ta amsa. Sannan ta rufe gwangwaninta ta miƙe.

"Yarinyar nan ni na koya mata ɗaure takalmi," in ji Sarkin Walda yana gaya wa iska. Ya ɗaga igiya ya fita, ya je ya zauna a kan wata ganga tare da yaransa, waya a cinya.

Hotunan farko suka tafi lami lafiya. Auta tana bayan katanga da agogonta, Dogo yana zagaya igiya da mita a hannu, yana tabbatar da cewa hasken bai ƙetare iyaka ba kuma babu wanda ya kutso. Ana cikin na ƙarshe, ƙwaya na waje, sai ga direban babbar motar nan ya gaji da jira, ya shigo ta ƙaramar ƙofa yana neman wurin wanke fuska, ya nufi igiya kai tsaye. Dogo ya kwasa da gudu yana daka masa tsawa. Ya tare shi kam, amma ƙafarsa ta harɗe da wata waya, ya zube a kan siminti, mita ta suɓuce ta bugi ƙasa. Ya tashi yana karkaɗe gwiwa, ya ɗauke ta, ya danna maɓallin gwajin batir. Allura ta yi tsalle ta hau. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce a ransa Allah ya rufa asiri. Auta ba ta ga wannan ba, katanga ta tare ta.

Lokaci ya cika. Ta kama hannun ta juya baya, waya tana tahowa, tana tahowa, har ta ji ta tsaya. Ta ɗan ji kamar hannun ya fi kullum sauƙi, amma rana ta yi zafi, tafinta duk gumi, ba ta riƙe abin a rai ba. Dogo ya iso yana ɗingishi, ya miƙa mitar wajen bututu, ya duba. Allura tana kwance a ƙasa kamar an shimfiɗa ta.

"Ta koma gida!" ya ɗaga murya, kamar yadda ya saba.

A daidai lokacin wayar Sarkin Walda ta yi ƙara. Auta ta ji muryarsa tun daga kan ganga: "Ta sauka? Lafiya? Mace? Alhamdu lillahi!" Yaransa suka kaure da ihu, wani yana buga gwangwanin fenti. Ita ma daɗi ya cika ta har idonta ya kawo ruwa, don wadda ta haihun a hannunta ta girma. Ta juya za ta yi masa barka, sai ta gan shi ya riga ya ɗaga igiya. Ya ji an ce ta koma gida, ya sha taya su kwance tiyo bayan an sallami wuri, yau kuwa ga sauri. Ya cire safar hannu ya cusa a aljihu, yana tafiya yana dariya shi kaɗai.

"Bari in kwance muku tiyon nan, ku naɗe kayanku mu wuce asibiti tare!"

Auta ta karɓi mitar daga hannun Dogo don ta bi bayansa, kamar yadda ƙa'ida ta ce, mita a gaba mutum a baya. Tana karɓa ta ji wani abu bai yi mata ba. Mita mai rai ba ta yin shiru ɗungurungum. Ko a ɗakin kwananka ka kunna ta, takan yi ƙas, ta huta, ta sake yin ƙas, don ƙasa da bango da sararin sama duk suna da ɗan nasu hasken. Kunnen Auta ya saba da wannan ƙas ɗin kamar yadda uwa ta saba da numfashin jariri, ba ta lura da shi sai ya ɗauke. Ta kara mitar a kunne. Tsit. Ta duba kusurwarta, ta ga sabuwar ƙujewa. Ta dubi gwiwar Dogo, wando ya yage.

"Faɗuwa ta yi?"

"Kaɗan ne, Malama. Na gwada batir, lafiya lau."

Batir ai batir ne kawai yake shaida. Kunnen mitar, ɗan siririn gilashin da ke ciki, yana iya fashewa batir na nan da ƙarfinsa, allura ta kwanta ta yi ta cewa lafiya ko da a bakin wuta aka ajiye ta. Sai kuma sauƙin hannun nan ya dawo mata.

"Yaya, tsaya!"

Bai ko waiwayo ba. Ya ɗaga hannu ta baya, irin na ke ba ni wuri. Tun tana ƙarama take cewa Yaya tsaya, bai taɓa tsayawa ba.

"Yaya!"

Yana ta tafiya, tiyo na kwance a gabansa cikin rana, baƙi, shiru, kamar kowane tiyo. Ba ta da tabbacin komai. Wataƙila ƙwaya na cikin tukunya, ta tara masa jama'a a banza a ranar farin cikinsa. In ta bi shi da gudu, su biyu ke nan a ciki ba ido. Ta ga yatsunsa suna motsi, suna shirin kama ƙarfe. Sai ta cika ƙirjinta da iska, ta kira shi da ainihin sunansa, sunan da tun da ta yi wayo bakinta bai taɓa furtawa ba, gatsal, ba Yaya ba komai, kamar yadda mahaifinsu ke kiransa in ya yi laifi.

"Ka tsaya a nan! Kada ka ƙara taku ɗaya! Juyo!"

Farfajiya ta yi tsit. Mai buga gwangwani ya tsaya da hannu a sama. Sarkin Walda ya ja ya tsaya, ya juyo a hankali, dariyar ta bushe a fuskarsa. Ba wanda ya taɓa jin an kira shi haka a wurin nan, har Manaja.

"Ni kike kira haka?"

"Kai nake kira. Fito daga igiyar nan, in ka fito ka mare ni."

Ya dube ta, ya dubi tiyo, ya dubi yaransa da suka sunkuyar da kai. Ya sha toka, ya taho yana huci, ya tsallake igiya ya tsaya a gabanta har tana jin ƙaurin walda a rigarsa.

"To ga ni. Sai ki gaya mini abin da ya sa na zama sa'anki yau."

Ta tsuguna, ta buɗe akwati, ta cire kwaɗon gwangwani. Ta fito da maɓalli ta ajiye a kan murfi, ta ɗora mitar a kai, daidai yadda ta yi ɗazu a gabansa. Kowa ya miƙa wuya. Allura ko gezau. Ta ɗaga ta sake ɗorawa. Ba ƙas, ba motsi. Mitar da ta ce musu wuri ya yi lafiya ashe gawa ce.

Dogo ya dafe kai. "Inna lillahi. Malama, wallahi batir..."

"Bar batir. Je mota ka ɗauko ta biyu, da gudu."

Sai ga Manaja ya taho da saurinsa, takalmi na ƙyalli, yana tambayar wa ya tsayar da aiki. Irin mutanen nan ne da suke ganin duk wanda ya tsaya tunani yana satar musu lokaci. Ya ji bayani rabi ya katse.

"Yanzu don akwati ɗaya ya lalace za ki tsayar mini da mota? Kin juya hannu, kin ji ya tsaya. Me kuma ya rage?"

"Yallaɓai, hannu ba ido ba ne."

"Ni dai ina ganin..."

"Babu mai gani, Yallaɓai. Ni ma ba na gani. Shi ya sa ba mai shiga."

Dogo ya dawo yana haki. Manaja ya miƙa hannu yana nuna bututu, wai a je a duba a gama. Auta ba ta je ba. Ta sake tsugunawa, ta ɗora ta biyun a kan maɓalli tukuna. Ƙas-ƙas ya tashi, allura ta hau ta tsaya a jan layi, ba ƙari ba ragi. Wannan tana da rai, kowa ya gani. Sannan ta miƙe, ta fito daga bayan katanga, ta miƙa mitar gabanta.

Ba ta ma kai igiya ba ƙas-ƙas ɗin ya fara haɗuwa. Ta ƙara matsawa kaɗan, ya zama ƙara ɗaya mai tsawo kamar ana soya abu a mai, allura ta tafi ta manne a ƙarshen fuska. Ta ja da baya, ta zagaya ta gefe, ta auna ta wannan kusurwa da waccan, har ta gane inda ƙarar ta fi ƙarfi. Ƙwaya ba ta koma gida ba. Ta ɓalle daga jikin waya, waya ta dawo ita kaɗai, ita kuma tana kwance a cikin tiyo, kusa da mahaɗin da ake murɗewa da hannu in za a kwance shi.

Ta dawo ta faɗa musu haka, ba ta ƙara gishiri ba. Manaja ya ja baya ba tare da ya san ya ja ba, har ya taka ƙafar direban motar. Sarkin Walda ya ɗaga hannuwansa biyu yana kallonsu, ciki da baya, kamar yau aka ba shi su. Sannan ya zauna daɓas a kan akwatin kayan aiki.

"Auta," ya ce da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "na kai wurin?"

Ta je ta auna daidai inda sawun takalminsa ya tsaya a cikin ƙura, ta yi lissafin ɗan lokacin da ya yi a wurin, ta dawo. "Ba ka kai ba, Yaya. Abin da ka samu kaɗan ne, ba zai yi maka komai ba. Za a rubuta, likita ya duba ka don ƙa'ida, shi ke nan."

Daga nan farfajiyar ta koma hannunta, kuma ba wanda ya yi gardama. Ta sa aka faɗaɗa igiya har bakin ƙofa. Ta sa Manaja da kansa ya buga wa hukumar da ke kula da irin wannan aiki waya, ya kuma kira babban jami'in tsaro na kamfaninsu ya zo da kayan gaggawa. Masu cewa a yi shiru za ta duba ƙasa su ne yau suka jeru a bakin igiya suna korar duk wanda ya matso. Ta ce wa Yaya ya tafi asibiti, ba abin da zai yi a nan. Ya girgiza kai.

"In bar ki da wannan abin? Jaririya ba ta gudu."

Jami'in tsaron ya iso da tukunyar dalma mai buɗaɗɗen baki, da ƙananan buhuna cike da dalma, wadda ke tare hasken, da wani awartaki mai tsawon da ya fi mutum. Suka zauna su uku da Dogo a bayan katanga suka tsara abin, suka gwada shi a kan wani tsohon tiyo sau da yawa, har kowa ya san inda zai sa ƙafa. Dokar ɗaya ce: ba mai daɗewa, ba mai matsawa fiye da tsawon awartaki, kowa ya yi nasa ya fito wani ya shiga. Dogo ya roƙi a bar shi ya fara, don kunya ta hana shi haɗa ido da kowa. Ya shiga da gudu ya jefa buhu a kan wurin, ya fito. Jami'in ya jefa nasa. Ƙarar mita ta ragu. Aka tura tukunya da sanda har bakin tiyo, aka kwance mahaɗin daga nesa da wani dogon ƙarfe da Sarkin Walda ya lanƙwasa musu nan take, don ya rantse ba zai zauna hannu rabbana ba.

Na ƙarshe na Auta ne. Ta ɗauki awartaki, ta ji nauyinsa a kafaɗa. Tsoro take ji, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta shiga, ta janye buhu, mitar da ke hannun jami'in ta kwarma ihu a bayanta. Ta kama can ƙarshen tiyon ta ɗaga shi sama, bakinsa na cikin tukunya. Ba abin da ya faɗo. Ta ɗan girgiza tiyon. Sai ta ji wani ɗan ƙaramin sauti, ƙwal, kamar tsakuwa ta faɗa cikin kwano, kuma a take ihun mitar ya karye. Ta tura murfi da bakin awartaki, ya rufe.

Ma'aikata suka fara tafi, wani ya riga ya ɗaga igiya. Auta ta ɗaga hannu ɗaya, kowa ya ƙame. Ta karɓi mitar, ta bi tiyo daga wannan kai zuwa wancan, ta zagaya bututu, ta zagaya tukunya. Allura ta sauka, tana ɗan motsi kusa da tukunya kamar yadda ya kamata, sauran wuri kuwa sai ƙas, hutu, ƙas. Duk da haka ba ta sallami wurin ba. Ta koma bayan katanga, ta tsuguna gaban gwangwaninta, ta ɗora mitar a kan maɓalli. Wannan karon ba wanda ya yi tari. Allura ta miƙe ta tsaya a jan layi.

Ta miƙe, ta cire hular kwano, ta share goshi. "Yanzu ta koma gida."

Ihun da aka yi sai da tantabarun saman rumfa suka tashi. Mai gwangwanin fenti ya ci gaba daga inda ya tsaya. Dogo ya zauna a ƙasa yana dariya yana share hawaye. Wanda ya fi kowa tsokanarta ya leƙo daga bayan jama'a ya ce, "Uwar Maɓalli, don Allah a ara mini shi in ɗora wa surukina, in ga ko yana da rai!" Har Manaja ya yi dariya, ya ce daga yau ba mitar da za ta shiga farfajiyarsa sai ta gaisa da maɓalli, da safe, da bayan aiki, da duk lokacin da ta ko yi tuntuɓe. Ya faɗa kamar shi ya ƙirƙiro, Auta ta bar masa.

Rana ta yi sanyi kafin su kama hanyar asibiti. Yaya ke tuƙi, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, abin da bai saba ba. Auta tana ta juya yadda za ta ba shi haƙuri, don har yanzu sunan nan yana yi mata nauyi a baki.

"Yaya, ɗazu..."

"Ashe kin san sunana," ya ce, idonsa a kan titi. "Ni na ɗauka Yaya kike zaton an raɗa mini."

Ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta rufe fuska da gyale. Ya bar ta ta yi abinta. Da suka tsaya a danja ya miƙo hannu ya dafa kanta, kamar lokacin da take 'yar mitsitsiya.

Ɗakin masu haihuwa yana ƙarshen wani dogon baranda mai warin magani. Mai jegon tana kwance, ta gaji amma fuskarta fes, matar Yaya na zaune a bakin gado tana faɗan sun ɓata lokaci, tun rana ake ta kiran waya. Ba wanda ya gaya musu komai tukuna. Yaya ya je wurin famfo ya wanke hannu da sabulu, ya daɗe yana wankewa, har tsakanin yatsu. Matarsa ta ɗauko jaririyar a cikin farin tawul ta miƙo masa.

Ya miƙa hannuwa, sai kuma ya tsaya da su a sama. Ya waiwayo ya dubi ƙanwarsa, a gaban matarsa da 'yarsa da ma'aikaciyar jinya, mutumin da bai taɓa neman izinin kowa ba.

"Auta, in ɗauka?"

"Ɗauki, Yaya," ta ce. "Hannunka lafiya lau."

Ya karɓe ta. Jaririyar ta motsa a cikin tawul, ta zaro ɗan hannunta, ta laluba, ta damƙe babban yatsansa mai tabon tartsatsi, ta ƙi saki.